Malam Uwaisu da Ƙasar Matarsa

Na san Malam Uwaisu a shekarar 1974, lokacin da ni da 'yarmu Luba muka biyo maigidana, Dakta Nata'ala, zuwa Landan ƙaro ilimi. Mun kama haya a Deptford, a wani tsohon bene, ƙofar flat ɗinmu tana kallon tasa. Dogo ne siriri, mutumin Gusau, ba ya ɗaga murya. Washegarin saukarmu matarsa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da kwanon shinkafa mai ƙanshin kwakwa. Na buɗe na ga 'yar gajeriyar mace, fatarta kamar ta Fulanin daji, ta yafa mayafi. Ta ce da ni, "Sannu da zuwa, ina gajiya?" Hausar ta fito a karye, amma ta fito. Sunanta Rohana, 'yar ƙasar Malesiya ce, nas a wani asibiti da ke ƙetaren kogi.

Malam Uwaisu ya zo Ingila tun kafin yaƙin basasa, gwamnatin Arewa ta turo shi karatun akanta. Da aka rarraba Arewa jiha-jiha, tallafin karatun ya tsaya, ya rasa wanda zai bi. Bai koma gida ba, don ya ce kunya ba za ta bar shi ya sauka a tashar Gusau hannu wofi ba. Sai ya sami aikin tura keken marasa lafiya a asibiti. A nan suka haɗu da Rohana cikin wani azumi. Ta gan shi tsaye a bakin tagar kantin yana duban agogo, da dabino a tafin hannu, ta gane abin da yake jira, ta miƙo masa kofin shayi. Mahaifinta ya riga ya rasu, yayanta ya ba da izini daga can, aka ɗaura aure a masallacin gabashin Landan. Suka haifi 'ya mace, Zinatu.

Lokacin da muka zo ya bar asibiti, yana aiki a shagon sayar da tikitin jirgi na wani mutumin Filato mai suna Choji. Shagon yana kan babban titin kasuwa, tsakanin mai kifi da mai sayar da doya da manja. Zamanin kuɗin mai ne. Musamman bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, jirgi ba ya sauka sai da 'yan Najeriya maƙil, masu sayayya da masu ganin likita da ma'aikatan gwamnati da aka turo kwas. Wasu daga Landan suke wucewa gabas, kuma duk wanda ya ambaci Malesiya, Choji kan nuna teburin kusa da taga ya ce, "Ga mai ƙasar can."

Wata rana na shiga shagon zan yi wa ƙanwata booking, na tarar da wani babban ma'aikaci daga Kaduna, an tura su su ga yadda mutanen Malesiya ke shirya aikin hajji. Malam Uwaisu ya shimfiɗa taswira yana yi masa bayani, ni kuma na zauna ina jira.

"Ranka ya daɗe, ƙasar kashi biyu ce, teku ya raba," in ji shi. "Kai wannan ɓangaren za ka, mai kama da ganyen mangwaro. Ka bar kwat ɗinka a nan. Can babu sanyi, zafi ne mai gumi irin na Fatakwal, ruwa kuma yakan sauko da la'asar ya ɗauke kafin magariba. Ka riƙe katin allurar shawara a aljihu, za a tambaye ka."

"Abinci fa? Ni cikina ba ya son baƙon abu."

"Ba za ka sha wahala ba. Malay Musulmi ne, duk inda ka ga mace da ɗankwali tana sayar da abinci, ka zauna ka ci. Da safe shinkafa ce da madarar kwakwa, da gyaɗa da ƙananan kifi da yaji. Suna da tsire kamar namu, sai dai su ba sa barbaɗa ƙuli, a miyar gyaɗa ake tsomawa. Akwai Sinawa da Indiyawa da yawa, kowa da unguwarsa da girkinsa, a wurin Sinawa ne kawai za ka tambaya kafin ka ci. Za a kawo maka wani ɗan itace mai ƙaya, durian. Warinsa ya fi na daddawa, amma ka daure ka ɗanɗana, mai gida zai ji daɗi."

Ya bi taswirar da yatsa. Ya ce a Kuala Lumpur a je a ga tashar jirgin ƙasa, wadda baƙo kan ɗauka masallaci ce, da tsohon masallacin da ke inda koguna biyu suka haɗu. In da sarari a hau jirgin fito zuwa tsibirin Penang, ko a gangara Malaka a ga gine-ginen Turawan da suka yi ta karɓe garin daga hannun juna. In zafi ya ishi mutum, ya hau tsaunin da ake noman ganyen shayi, iskar can kamar ta Jos. A hanya duk inda aka duba itacen roba ne da kwakwar manja, an jera su sahu-sahu.

"Ka cire takalmi kafin ka shiga gidan kowa. Kada ka nuna mutum da manuniya, da babban yatsa suke nuni. Kuma za ka ji kalmomin da ka sani a bakinsu, dunia, da sabar, wato haƙuri. Amma in kana son ganin ainihin ƙasar, sai gabas, Kelantan. Can mata ne ke riƙe da kasuwa, jiragen masunta duk an yi musu zane kamar ƙwarya. In ka gangara kudu kaɗan, kunkurun teku kan fito ya yi ƙwai a rairayi. Sai dai kada ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ruwa ake yi ba dare ba rana, hanyoyi su yanke."

Mutumin ya yi ta gyaɗa kai. Da zai tashi ya ce, "Malam, shekara nawa ka yi a can?"

"Ban taɓa zuwa ba, ranka ya daɗe. Iyalina ce 'yar can."

Duk abin da ya sani daga bakin Rohana ya ji shi. Na sha shiga na tarar tana guga tana ba shi labarin ƙauyensu da ke kusa da Bachok a Kelantan, a bakin teku, shi kuma yana yi mata tambayoyi kamar ɗalibi. Wace bishiya ce a bayan gidan? In an sauka daga jirgin ƙasa, me ake hawa? Ita tana kiransa Abang, yadda matan can ke kiran mazajensu. Tun da ta zo karatun nas ba ta koma ba, mahaifiyarta kuma tana raye, ba ta taɓa ganin Zinatu ba sai a hoto.

Da farko rashin hali ne ya hana su tafiya. Da hali ya samu, sai lokaci ya ƙi. Watannin da Kelantan ke da rana su ne watannin da 'yan Najeriya ke cika Landan, shagon Choji ba masaka tsinke. Ƙarshen shekara kuma, a waɗancan shekarun, lokacin aikin hajji ne, ga damina a can. Tsakiya Zinatu tana makaranta. Choji bai taɓa hana shi hutu ba, shi ne dai yake jin nauyin barin mutum shi kaɗai da cinkoso. Kowace shekara sai ya ce baɗi.

Na taɓa ce wa Rohana, "Ke ki ɗauki yarinya ki je mana, ki dawo."

Ta ce, "Karimatu, na yi aure babu ɗan'uwana ko ɗaya a wurin. Mutanen ƙauye sun yi ta magana. Ina so in hau matakalar gidanmu da mijina a bayana, Mak ta gan shi da idonta." Mak ita ce uwarta.

A farkon 1977 suka tsayar da magana. Ya yi booking na hutun Ista, su uku. Rohana ta fara sayen tsaraba, rigunan sanyi marasa nauyi da sabulu da agogon hannu na yayanta, tana tarawa a akwati a ƙarƙashin gado. Amma tun kafin nan na lura ta rame, kuma takan tsaya ta huta a tsakiyar matakalar benenmu. Nas ce, ta riga kowa sanin abin da ke jikinta. Ta yi shiru don kada a fasa tafiya. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki ne aka gwada ta, aka ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa.

Malam Uwaisu ya zo wurin maigidana da takardun asibiti. Ina kicin ina jin su.

"Likita, ka gaya mini gaskiya. In na ɗauke ta yanzu, za ta kai?"

"Tafiyar ta yi tsawo, Malam, ga yada zango a hanya. Yadda jininta yake, ba na jin za a bar ta ta hau jirgi. A bari a ga yadda magani zai yi."

"In ya yi, sai yaushe?"

Maigidana ya tattara takardun ya miƙa masa. Da kansa Malam Uwaisu ya zauna a teburinsa washegari ya yi cancel ɗin tikitin. Choji ya ce mini ranar ya ga ya ɗaga waya ya ajiye, ya sake ɗagawa, har sai da ya ce masa, "Malam, kawo in yi maka." Ya ce a'a, shi ya yi booking, shi zai warware.

Maganin bai yi ba. Da aka sallamo ta gida, ni nake zama da ita da rana, in ya tafi shago. Ba ta cika maganar ciwo ba. Abincin garinsu take sha'awa, shi kuma ya bi shagunan Sinawa na Soho yana neman ganyen da ta kwatanta masa, ya dawo ya dafa yadda ta ce, ta ci cokali ɗaya ta ture. Wata rana da yamma ya shigo, ta ce ya zauna ya ba ta labarin hanyar gida, tun daga filin jirgi. Ya fara, yadda yake yi wa masu sayen tikiti. Ya kai ta Kuala Lumpur, ya sa ta a jirgin ƙasa, ya ratsa da ita daji. Da ya zo inda ake sauka, sai ya tsaya. Ta ce, "Ci gaba, Abang, saura kaɗan." Na tashi na ba su wuri.

Ta rasu cikin watan Yuli, da hantsi, rana ta fito sosai. Ni da wasu nas biyu 'yan ƙasarsu muka yi mata wanka. Aka kai ta maƙabartar Brookwood, can wajen gari. Choji ya rufe shago a tsakiyar kakar ciniki, ya bi su har bakin kabari ya tsaya daga gefe, hularsa a hannu.

Bayan haka Malam Uwaisu ya koma aiki. Ya koyi kitso a wurina don kan Zinatu, bai iya ba, sai dai ya kama mata gida biyu. Yarinyar tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, kuma bayan rasuwar sai ta rage magana da kowane harshe. Da hutun Disamba ya matso, ya shigo ya ce mana za su tafi Malesiya.

Na ce, "Malam, ai kai kake hana mutane zuwa a wannan lokacin."

"Na sani, Maman Luba. Amma tsohuwar nan ta tsufa. Ba zan sake cewa baɗi ba."

Ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, bai buɗe ba, haka ya tafi da shi.

Abin da ya faru a can, daga bakinsa na ji, wani kuma daga bakin Zinatu. Sun sauka Kuala Lumpur ana ruwa. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne babu abin da ya zame masa baƙo. Ya ga tashar jirgin ƙasa ya gane ta, ya ji ƙanshin shinkafar safe ya gane shi, har ya juya zai ce wa Rohana ga shi kuwa yadda kika faɗa. Bai je Penang ba, bai je Malaka ba, bai hau tsaunin shayi ba. Suka hau jirgin ƙasa mai ratsa daji zuwa gabas. A wata ƙaramar tasha jirgin ya tsaya yini guda saboda ruwa ya hau kan dogo a gaba. Matan da ke cikin taragon suka yi ta kallon Zinatu, ɗaya ta tambaye shi da hannu ina uwarta. Ya ɗaga hannuwa kamar mai addu'a. Matar ta gane, ta jawo yarinyar jikinta, ta kwance ƙunshin ganyen ayaba ta ba ta abinci a baki.

Yayan Rohana, Da'ud, malamin makaranta ne, yana jin Turanci. Shi ya tarye su, suka ƙarasa ƙauyen a kwalekwale don hanya ta nutse. Gidan katako ne a kan dirkoki, ruwa yana gudu a ƙarƙashinsa. Malam Uwaisu ya cire takalmi ya hau matakala, Zinatu a gaba, shi a baya.

Tsohuwar tana zaune a tabarma, idonta ya yi rauni. Ta shafa fuskar Zinatu da hannu biyu, goshi da hanci da haɓa, ta daɗe tana yi. Sannan ta juyo wajensa. Ya durƙusa ya gaishe ta da 'yan kalmomin da ya koya. Ta fara tambaya, Da'ud yana fassarawa.

Ta ce, "Wa ya yi mata wanka?"

Ya ce mata uku ne, biyu 'yan ƙasarta, ɗaya maƙwabciyarsu.

"An fuskantar da ita alƙibla?"

"An fuskantar, Mak. Ni na sa ta da hannuna."

"Ƙasar wurin tana da sanyi?"

"Tana da sanyi. Amma akwai itatuwa, kuma Musulmi ne a kewaye da ita."

Sannan ta faɗi wata magana, Da'ud ya sunkuyar da kai bai fassara ba. Malam Uwaisu ya roƙe shi ya faɗa. Da'ud ya ce, "Cewa ta yi, me ya sa ba ka kawo ta ba ko sau ɗaya?"

Malam Uwaisu ya ce mini ya tuna shago da cinkoso da damina da makaranta, ya ga babu ɗaya da zai iya ɗauka ya ajiye a gaban wannan tsohuwa. Sai ya ce, "Ki yafe mini, Mak." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta sa aka kawo masa shayi.

Suka buɗe akwatin tsaraba a gabanta. Rohana ta riga ta naɗe kason kowa daban, amma ba ta gaya masa wanne ne na wa ba, sai 'yan'uwan suka yi ta gane nasu da kansu. Ya ce wannan yinin gidan babu wanda bai yi kuka ba.

Ruwa bai ɗauke ba duk zamansu. Bai ga jiragen masunta a kan teku ba, an janye su duka kan tudu an rufe. Zinatu kuwa ta saki jiki. Ta bi 'yan'uwanta yara suna kama kifi daga kan matakala, ta kwana a jikin kakarta, bakinta ya buɗe har tana haɗa Turanci da 'yan kalmominsu. Ganin haka, ana saura kwana kaɗan su taso, tsohuwar ta kira shi ta ce ya bar mata yarinyar. Ta ce ya riga ya ɗauke mata ɗaya, ya bar mata wannan.

Ya sauka ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar kwakwa cikin ruwan, yana tunani. Ya san a can yarinyar za ta tashi cikin dangi, a Deptford kuwa daga shi sai maƙwabta. Ya san kuma in ya koma flat ɗin nan shi kaɗai, ba zai iya ba. Ya yini bai ci abinci ba. Da safe, kafin ya buɗe baki, tsohuwar ta riga shi. Ta ce wa Da'ud, "Gaya masa na janye. Na san yadda mutum yake ji in 'yarsa tana wata duniya. Ya tafi da abarsa, amma ya riƙa kawo ta."

Sun dawo cikin Janairu, ana tsananin sanyi. Ya shigo mana da wani zane mai ruwan ƙasa da zanen furanni, ya ce tsohuwar ce ta ce a ba matar da ta wanke mata 'ya. Na karɓa da hannu biyu. Ya zauna a kujerar bakin ƙofa, bai cire kwat ba, ya ba mu labarin nan duka a zama ɗaya, bai ƙara maimaita shi ba.

Ya yi niyyar cika alkawari. Tun a watan Maris ya gaya wa Choji cewa bana a watan Agusta zai tafi, ko shago zai cika ya fashe. Choji ya ce ya tafi. Amma kafin azumi Da'ud ya bugo waya shagon ya ce Mak ta rasu. Duk da haka suka je, shi da Zinatu, suka yi mata addu'a a kabarinta. A wannan zuwan ne ya ga garin rana tana haskawa, babu ruwa.

'Yan'uwansa na Gusau sun yi ta aiko masa ya dawo gida, aiki yana neman masu ilimi, ko ya bari a nema masa mata. Ya ce ba zai bar Rohana ita kaɗai a Ingila ba. Daga baya council, wato ƙaramar hukuma, ta ba shi gida a Barking, kusa da makarantar da Zinatu ta shiga, amma bai bar shagon Choji ba, kullum sai ya ƙetaro kogi.

Mu muka koma Kano a ƙarshen 1979. Shi ya yi mana booking, ya kuma rako mu filin jirgi ya taya maigidana jan kaya. Da za mu shiga, Zinatu ta rungume Luba tana kuka. Ya ce mata, "To, ya isa, ki yi musu sallama da Hausa." Ta share ido ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Muka wuce ciki, su kuma suka juya neman tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na komawa gida.